Manhajar na'urar finbol ƙirar gida

Manhajar na'urar finbol ƙirar gida ita ce tsarin umarnin kwamfuta da ke tafiyar da na'urar wasan finbol wadda mutum ya ƙera da kansa a gida ko a ɗan shagonsa. Finbol, wanda ake rubutawa pinball da Turanci, wasa ne da ake yi a kan tebur mai gangara da aka rufe da gilashi. Ɗan wasa yana dukan ƙaramin ƙwallon ƙarfe da wasu gajerun sanduna da ake kira filifa domin ya ci maki, ya kuma hana ƙwallon faɗawa ramin da ke ƙasan teburin. Manhajar ce ke gane abin da ƙwallon ya taɓa, ta motsa sassan na'urar, ta kunna fitilu da sauti, ta lissafa maki, ta kuma san lokacin da wasa ya ƙare.

Wannan manhaja ta bambanta da ta wasannin bidiyo ta fuska ɗaya mai muhimmanci. A wasan bidiyo kwamfuta ce ke ƙirƙirar ƙwallo, saboda haka ta san inda yake a kowane lokaci. A finbol kuwa ƙwallon na gaske ne, kuma manhaja ba ta ganinsa. Iyakar abin da ta sani shi ne wane makunni ne ya rufe, wane ne ya buɗe. Kusan dukkan aikin mai koyo ya ta'allaƙa ne a kan wannan: ya sa na'ura ta fahimci inda ƙwallo yake daga alamun makunnai, ta kuma motsa sassanta ba tare da ta ƙona su ba.

Tarihi

Finbol ya samo asali ne daga wasan bagatel na ƙasar Faransa. A shekarar 1871 Montague Redgrave, wani ɗan Ingila mazaunin Amurka, ya yi rajistar ƙirar bagatel mai sandar harba ƙwallo da sifirin. Na'urorin da ake jefa musu kuɗi sun yaɗu a farkon shekarun 1930 daga birnin Shikago, musamman Baffle Ball ta kamfanin Gottlieb a 1931. Filifa ta fara fitowa a 1947 a na'urar Humpty Dumpty ta Gottlieb, wadda ke da filifa shida.

Har zuwa tsakiyar shekarun 1970 babu manhaja a cikin finbol. Dokokin wasa suna cikin wayoyi ne da rile, wato makunnin da wutar lantarki ke buɗewa da rufewa, da kuma wata mota mai juyawa da ke ƙirga maki. Wanda ke son canza doka sai ya canza haɗin waya. Ana yawan ambaton The Spirit of '76 ta kamfanin Mirco Games, ta 1975, a matsayin na'urar kasuwa ta farko mai ƙaramar ƙwaƙwalwar lantarki. Daga nan dokoki suka koma cikin manhaja. Gorgar ta kamfanin Williams ta fara magana a 1979, Checkpoint ta Data East ta zo da allon nuni mai ɗigo-ɗigo a 1991, sannan The Addams Family ta 1992 aka sayar da fiye da guda 20,000.

Kamfanin Williams ya daina ƙera finbol a 1999, ya bar Stern a matsayin babban kamfani ɗaya tilo na tsawon shekaru. A wannan lokaci ne masu sha'awar wasan suka fara neman hanyar yin nasu. Babban cikas shi ne allunan lantarki na kamfanoni rufaffu ne, ba a yi su don wani ya rubuta musu sabuwar manhaja ba. A 2009 injiniya Gerry Stellenberg ya fitar da allon P-ROC, wanda ke haɗa sassan finbol da kwamfuta ta igiyar USB. Wannan ya ba duk mai kwamfuta damar rubuta dokokin wasa da harshen kwamfuta na zamani.

Abubuwan da manhaja ke sarrafawa

Filin wasa na yau da kullum yana da faɗin kusan santimita 51 da tsawon kusan 107, kuma ana karkata shi da kimanin digiri 6.5. Ƙwallon yana da kaurin milimita 27 da nauyin kusan giram 80. A kan wannan fili da ƙarƙashinsa akwai kayan aiki iri huɗu da manhaja ke hulɗa da su.

Makunnai. Su ne idanun na'ura. Akwai na ƙarfe masu harshe biyu da ke haɗuwa idan ƙwallo ya danna su, akwai kuma masu aiki da hasken da ido ba ya gani, waɗanda ke ba da alama idan ƙwallo ya tare hasken. Maɓallan filifa da maɓallin fara wasa su ma makunnai ne. Na'urori da yawa na shekarun 1980 da 1990 suna jera makunnai cikin raga mai layi 8 a tsaye da 8 a kwance, ta yadda wayoyi 16 ke ɗaukar makunnai 64. Kowane makunni a ragar yana buƙatar dayod, in ba haka ba na'ura za ta riƙa ganin rufewar makunnan da ba a taɓa ba.

Kwayil. Naɗin wayar tagulla ne da ke zama maganaɗisu idan wuta ta bi ta cikinsa, sai ya fizgi sandar ƙarfe. Shi ke ɗaga filifa, ya tunkuɗa ƙwallo daga rami, ya motsa madogaran da ke mayar da ƙwallo da ƙarfi. Yawancin na'urorin gida na yanzu suna ba kwayil wuta mai ƙarfin volt 48. Ana ba shi wutar ne na ɗan ƙanƙanin lokaci, galibi milisakan 10 zuwa 30. Milisakan ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na daƙiƙa.

Fitilu. Tsofaffin na'urori suna amfani da ƙananan ƙwayayen fitila, sababbi kuwa suna amfani da fitilun LED da ake jerawa a sarƙa ɗaya, kowace da lambarta, kuma manhaja na iya ba kowace launin da take so. Fitilu ne ke faɗa wa ɗan wasa inda ya kamata ya harba ƙwallo.

Allon nuni da sauti. Allon ɗigo-ɗigo da aka fi sani yana da ɗigo 128 a kwance da 32 a tsaye. Tun daga The Wizard of Oz ta kamfanin Jersey Jack Pinball a 2013, manyan allunan LCD suka fara maye gurbinsa. A allon ɗigo-ɗigo ana zana kowane harafi ne ɗigo bayan ɗigo, don haka mai son rubutu da harshen da ke da haruffa irin su ƙ, ɗ da ɓ yakan zana su da kansa.

Rabon aiki tsakanin allon sarrafawa da kwamfuta

Na'urar gida tana da ƙwaƙwalwa biyu. Ta farko ita ce allon sarrafawa, wanda wayoyin makunnai da kwayil ke shiga kai tsaye. Ta biyu ita ce kwamfutar da ke ɗauke da dokokin wasa, wadda za ta iya zama ƙaramar kwamfuta ta tebur ko Raspberry Pi. Allunan da aka fi amfani da su sun haɗa da P-ROC da P3-ROC na kamfanin Multimorphic, da allunan FAST Pinball, da kuma na Open Pinball Project, waɗanda ƙirarsu a buɗe take ga kowa.

Dalilin wannan rabo shi ne sauri. Kwamfuta tana yin ayyuka da yawa lokaci guda, tana nuna bidiyo tana kunna kiɗa, kuma saƙo na iya jinkiri a hanyar USB. Idan filifa za ta jira kwamfuta kafin ta tashi, ɗan wasa zai ji jinkirin a yatsunsa, kuma jinkirin ba zai zama iri ɗaya kullum ba. Saboda haka kwamfuta takan aika wa allon sarrafawa doka tun farko cewa duk lokacin da makunni kaza ya rufe, a ba kwayil kaza wuta na milisakan kaza. Allon yana aiwatar da dokar da kansa nan take, sa'an nan ya sanar da kwamfuta domin ta ƙara maki ta kunna sauti. Idan wasa ya ƙare, kwamfuta ta janye dokar, filifa ta daina amsa maɓalli.

Allon ne kuma ke tace alamun makunnai. Harsunan ƙarfe ba sa rufewa sau ɗaya cak, sukan yi rawa su haɗu su rabu sau da yawa cikin 'yan milisakan. Idan ba a tace ba, taɓawa ɗaya za ta ba da maki sau uku ko huɗu.

Ginshiƙan manhaja

Mai farawa ba ya buƙatar rubuta komai daga tushe. Akwai ginshiƙan manhaja da suka riga suka ƙunshi ayyukan da kowace na'ura ke buƙata.

Na farko da ya yaɗu shi ne pyprocgame, wanda aka rubuta da harshen Python domin allon P-ROC. Daga baya aka gina SkeletonGame a kansa, wanda ya ƙara shirye-shiryen da ke sauƙaƙa fara sabon wasa. A waɗannan biyu mai ƙira yana rubuta dokokinsa ne da Python kai tsaye.

Mission Pinball Framework, wanda ake taƙaitawa MPF, ya fara ne a 2014 a hannun Brian Madden da Gabe Knuth. Kyauta ne, kuma rubutunsa a buɗe yake. An rubuta shi da Python, amma yawancin aikin mai ƙira yana cikin fayilolin saiti ne na tsarin YAML, inda ake jera sunayen sassa da lambobinsu da yadda suke hulɗa. MPF yana aiki da alluna iri-iri, don haka ana iya canza allo ba tare da sake rubuta dokoki ba. Ɓangaren hoto da sauti shiri ne dabam da ke magana da ɓangaren dokoki ta hanyar saƙonni. Da can an gina shi a kan Kivy, sababbin fitowa kuwa suna amfani da injin wasanni na Godot.

Wasu kuma sukan zaɓi Arduino su rubuta komai da harshen C++. Wannan hanya ta dace da ƙaramar na'ura mai sauƙin dokoki, kuma tana koyar da yadda abubuwa ke aiki daga tushe, sai dai mai ita zai rubuta tace makunnai da lissafin ƙwallo da kariyar kwayil da hannunsa.

Matakan farawa

Tsarin da aka saba bi shi ne a fara da ƙaramin abu mai aiki, a riƙa ƙari a hankali.

Mataki na farko ana yin sa ne ba tare da na'ura ba. Ana saka Python da ginshiƙin da aka zaɓa a kwamfuta, a tayar da shi a yanayin kwaikwayo, inda maɓallan kwamfuta ke tsayawa a madadin makunnai.

Mataki na biyu shi ne rubuta jerin makunnai da kwayil, kowane da suna da lamba. Ga misalin yadda ake bayyana filifar hagu a fayil ɗin saiti na MPF:

switches:
  s_filifa_hagu:
    number: 1
coils:
  c_filifa_hagu:
    number: 1
    default_pulse_ms: 25
    default_hold_power: 0.25
flippers:
  filifa_hagu:
    main_coil: c_filifa_hagu
    activation_switch: s_filifa_hagu

Ma'anar wannan ita ce idan aka danna maɓallin hagu, a ba kwayil cikakkiyar wuta na milisakan 25 domin filifa ta tashi da ƙarfi, sa'an nan a rage zuwa rubu'i domin ta tsaya a sama muddin yatsa na kan maɓalli. Yadda ake rubuta lambobin ya danganta da irin allon. Sunayen kuwa mai ƙira ne ke zaɓa, kuma suna mai ma'ana yana sauƙaƙa neman kuskure bayan watanni.

Mataki na uku shi ne gwada kowane makunni da hannu, ɗaya bayan ɗaya, kafin a haɗa wutar kwayil. Bayan haka sai a gwada kowane kwayil da gajeren lokaci, a riƙa ƙarawa har ya yi aikinsa.

Mataki na huɗu shi ne ma'ajin ƙwallo da hanyar harbawa, sa'an nan maɓallin fara wasa. Idan aka kai nan, na'ura tana iya fitar da ƙwallo, ta gane ya faɗi, ta fitar da na gaba, ta rufe wasa bayan ƙwallo na uku. Maki da fitilu da sauti suna biyo baya. Masu ƙira sukan yi wannan duka a kan filin gwaji na farin katako wanda ba a yi wa zane ba, domin a iya huda shi a matsar da sassa ba tare da asara ba.

Lissafin ƙwallo

Ma'ajin ƙwallo wani kwararo ne a ƙasan fili inda ƙwallaye ke jeruwa, kowane a kan makunninsa. Manhaja tana ƙirga su ta san guda nawa ne ke gida, guda nawa ne ke fili. Idan ta ba da umarnin tunkuɗa ƙwallo, ba ta ɗauka ya fita sai ta ga shaida, misali makunnin hanyar harbawa ya rufe. Idan ƙwallon ya koma baya, sai ta sake gwadawa.

Kuskure a wannan lissafi shi ne ke haifar da matsalolin da suka fi ɓata wasa. Idan manhaja ta ɗauka ƙwallo bai fita ba alhali ya fita, za ta fitar da na biyu. Idan ta ɗauka akwai saura a fili alhali babu, wasan zai tsaya cik. Lamarin ya fi tsanani a lokacin wasa da ƙwallaye da yawa, inda biyu ke iya faɗawa kusan tare. Makunnai masu haske suna da nasu tarkon: alamarsu takan zo a juye, don haka idan ba a bayyana hakan a saiti ba, manhaja za ta ga ma'aji cike alhali babu komai a ciki.

Akwai kuma neman ƙwallo. Idan wasa na gudana amma babu makunnin da ya motsa na wani lokaci, misali daƙiƙa 20, manhaja takan ɗauka ƙwallo ya maƙale, sai ta riƙa buga kwayil ɗaya bayan ɗaya ko zai kuɓuta.

Dokokin wasa

Ana raba dokoki zuwa yanayi-yanayi, kowane da lambar fifiko. A MPF akwai yanayin jan hankali da ke gudana idan babu mai wasa, da yanayin wasa da ke kula da 'yan wasa da jerin ƙwallaye, da yanayin tushe da mai ƙira ke rubutawa domin makin yau da kullum. A kansu ake ɗora wasu, kamar yanayin ƙwallaye da yawa ko na tseren lokaci. Yanayi da dama na iya gudana tare. Idan biyu suka nemi fitila ɗaya, mai fifiko mafi girma ne ke samu, kuma idan ya ƙare fitilar ta koma hannun na ƙasa.

Sassan manhaja suna magana da juna ta hanyar sanarwa. Idan ƙwallo ya bi ta wata hanya, ana fitar da sanarwa mai suna. Ɓangaren maki ya ji ya ƙara maki, ɓangaren sauti ya ji ya kunna sauti, mai ƙirga kuma ya ji ya ƙara ɗaya. Idan ƙirgar ta kai uku, misali, sai ta fitar da tata sanarwar da za ta tayar da sabon yanayi.

Dole ne a ajiye ci gaban kowane ɗan wasa dabam, tunda mutum huɗu na iya karɓa-karɓa a wasa ɗaya. Sauran dokokin da 'yan wasa suka saba gani sun haɗa da ceton ƙwallo, wato mayar da shi idan ya faɗi a daƙiƙun farko, da hukuncin girgiza, inda wani ƙarfe mai lilo a cikin zobe ke gano an jijjiga tebur fiye da kima, sai filifa ta mutu har ƙwallon ya faɗi.

Gwaji

Manhajar tana rubuta duk abin da ya faru a kundin aiki tare da lokacinsa. Idan wani abu ya rikice, wannan kundi ne ke nuna ko makunni ne bai ba da alama ba, ko doka ce ba ta ji sanarwa ba. MPF Monitor yana nuna hoton fili a kwamfuta, inda ake danna makunnai a ga yadda fitilu ke amsawa. Wasu sukan zana filinsu a Visual Pinball, manhajar kwaikwayon finbol da ta fito a 2000, domin su ga yadda ƙwallo zai gudana kafin su yanka katako. Ana kuma iya rubuta gwaje-gwaje masu gudanar da kansu, a ajiye tarihin canje-canje da Git. Duk da haka kwaikwayo ba ya nuna komai, domin ƙwallon gaske yana tsalle, yana maƙalewa, yana taɓa makunni ta inda ba a zata ba. Ba wa mutanen da ba su san dokokin ba damar bugawa yana fito da kurakuran da mai ƙira bai hango ba.

Haɗurra

Kuskuren manhaja a finbol yana iya lalata kaya na gaske. Kwayil da aka bari da cikakkiyar wuta yakan yi zafi cikin ɗan lokaci, ya narkar da bututun robar da ke cikinsa, ya ƙona tiransistar da ke kan allo, wani lokaci har ya jawo gobara. Saboda haka ginshiƙan manhaja ba sa yarda a riƙe kwayil a kunne sai an ba da izini a fili cikin saiti. Alluna da yawa kuma suna da mai gadi: idan kwamfuta ta daina aiko da alamar tana raye, allon ya kashe dukkan kwayil. Ana sa fis a kowane reshen wuta, da dayod da ke shanye wutar da kwayil ke mayarwa idan an kashe shi. Wutar gida da ke shiga akwatin na'ura tana iya kisa, don haka ana rufe wannan ɓangare, a haɗa sassan ƙarfe da wayar ƙasa, a kuma cire filogi kafin a sa hannu.

Ta fuskar doka, na'urorin gida da yawa suna ɗaukar jigo daga fim ko mawaƙa. Hotuna da kiɗan irin waɗannan suna da haƙƙin mallaka, kuma sayar da na'urar yana buƙatar izinin masu su.

Daga gida zuwa kasuwa

Wasu ayyukan gida sun kai ga zama kayan kasuwa. Total Nuclear Annihilation, wadda Scott Danesi ya ƙera a gida a kan allon P3-ROC, kamfanin Spooky Pinball ya fara fitar da ita a 2017. Keith Elwin ya ƙera na'urar gida mai jigon Archer, daga baya kamfanin Stern ya ɗauke shi aiki, kuma tsarin filin nata ya zama tushen Iron Maiden ta 2018. Masu ƙirar gida sukan baje kolin ayyukansu a taruka irin su Pinball Expo, wanda ake yi a yankin Shikago tun 1985, inda jama'a ke buga na'urorin tun kafin a gama su.

Duba kuma

Finbol
Python
Raspberry Pi
Arduino
Buɗaɗɗiyar manhaja